Shekarar da Na'ura Ta Sauka Daga Buzu

Duk Sallah, in kun taru a tsakar gida kun ci kun ƙoshi, sai wani cikinku ya jawo labarin rigar na'ura, ku yi ta dariya har da riƙe ciki. Ina jinku daga zaure. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan daram. Wannan ya ce Hajiya ta kusa dafa ordinatar Baba, wancan ya ce a'a, Ummi ce ta goge abin da ke ciki ta zuba nata na 'yan boko, wata kuma ta ce ni na kunyata mahaifiyarku a gaban 'yarta har ta yi kuka. Kowa ya tsinci guntu ya riƙe. Jikoki suna ji, gobe su ma haka za su faɗa wa nasu. To ku natsu, yau mai abin ne zai ba da labarinsa, don ni na san abin da na kusa rasawa a shekarar nan, na kuma san hannuwan da suka riƙe mini shi.

Tafsirin azumi a masallacin unguwarmu nan Matameye gado ne a wurina. Mahaifina ya yi shi har ƙarfinsa ya ƙare, ya bar mini wurin, ya bar mini buzunsa, farin buzun rago mai tulin gashi da kuka sani. Alƙur'ani yana kaina, alhamdu lillahi, amma tafsiri ba da ka ake yinsa ba. Mai jan baƙi ya ja aya, kai kuma ka duba abin da magabata suka ce, har da ƙananan rubutun nan na gefen shafi masu kama da sawun tururuwa, sannan ka buɗe baki. Wanda duk ya fassara maganar Allah da zato ya ɗaukar wa kansa kayan da ba zai iya saukewa ba. Ana haka sai ido ya fara yi mini gardama. Na canza tabarau, na sake canzawa, ba ta sake zani ba. Aka kai ni wurin likitan ido a Damagaram, ya haska, ya juya, ya ce irin nawa ba wanda ake yi wa aiki ba ne, magani za a riƙa ɗigawa ya rage masa gudu, amma hanyar ɗaya ce. Azumin da ya gabaci zuwan na'urar da kyar na ƙarasa shi, littafi a kan hanci, ina karanta layi ɗaya ina laluben na biyu. Ban gaya wa kowa ba, amma na san in ba wani ikon Allah ba, na yi na ƙarshe.

Ɗan'uwanku Sani ne, da ya dawo daga cin rani a Kano da faɗuwar damina, ya shigo zaure da wata jaka ya ajiye a gabana. Ordinatar ce, wato kwamfuta, irin ta ɗorawa a cinya, tsohuwa, ta sha hannu, har kusurwarta ɗaya a fashe. Ya ce ya ga wani malami a can yana karatu da irinta, rubutu yana girma yadda ya so. Allah ya yi masa albarka, tunaninsa ne farkon komai, kada ku manta da wannan. Sai dai abar ta zo da nauyin jiki. Ka kunna ta da hantsi, sai ka gama shan fura kafin ta farka, ga wasu hotuna da ke faɗowa ba sallama, waɗanda ba su dace da zauren malami ba. Autarku Ummi, wadda na sa wa sunan mahaifiyata shi ya sa bakina ba ya kama sunan nata, lokacin tana karatun na'ura a jami'a a Damagaram, tana zuwa gida ƙarshen mako. Ta duba ta ce sai an wanke cikinta tas an zuba wani tsari, wai shi Linux.

"Baba, wannan ba na wani kamfani ba ne. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina shi, suka bar shi a buɗe. Kowa ya ɗauka, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke."

"Ba mai shi?"

"Kowa ne mai shi."

"To ki ce mini rijiyar bakin hanya ce. Zuba."

Ta zuba. Ta sa Alƙur'ani, ta sa littattafan tafsirin da nake aiki da su, ta kama yatsana ta nuna mini inda zan danna rubutu ya ƙaru. Na danna, na sake dannawa. Kai! Harafin da na riga na yi sallama da shi sai ga shi ƙato kamar babban yatsana, da wasalinsa da ɗigonsa. Na karanta shafi guda ban tsaya ba. Ba na jin kunyar faɗa muku, na yi kuka ranar, Ummi ta yi kamar tana neman wani abu a jaka.

Mahaifiyarku tana tsaye bakin ƙofa tana kallo. Ita ba girman harafi ya dame ta ba.

"Malam, wato Alƙur'ani sukutum yana cikin abin nan?"

"Yana ciki, Hajiya."

"Kuma kuka ajiye shi a tabarma, inda ake taka ƙafa? Haba, Malam!"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce in ɗaga, ta zare buzun daga ƙarƙashina, ta kakkaɓe, ta ninka biyu, ta ɗora na'urar a kai. Daga ranar ni na koma tabarma, na'ura ta hau buzu, kuma wallahi daɗi na ji. Ba ta tsaya nan ba. Ta yanko tsohon bargo mai kauri, ta rufe shi da ragowar shaddar rigata ta Sallah, ta zauna ɗinka mata riga wadda za ta lulluɓe ƙasanta da gefenta ko da tana buɗe. Kun san yadda yatsunta suka koma a shekarun nan, a kumbure, ko tsintsiya sai ta cije take riƙewa. Da waɗannan yatsun ta yi ta soka allura cikin bargo, ta yi kaɗan ta huta, ta gasa hannu a bakin murhu ta dawo. Da ta gama har da surfani a baki. Wanda duk ya yi wa rigar nan dariya bai ga ana ɗinka ta ba. Ni da na iya allura, da ni zan ɗinka.

Duk lokacin ɗari lafiya lau muka yi da ita. Sai bazara ta shigo, kuma azumin shekarar a tsakiyarta zai faɗo. Na fara shiri tun watan Rajab kamar yadda na saba, in na dawo daga azahar sai in zauna a zaure in bi abin da zan karantar. Wata rana ina tsakiyar jimla, sai ɗif, allon ya yi baƙi. Ba kuran ne aka ɗauke ba, wato wutar lantarki, fitilar zaure tana kamawa. Na danna, shiru. Na bar ta, bayan la'asar ta tashi kamar ba ita ba. Kashegari haka, jibi haka. Da Ummi ta zo na gaya mata. To ita 'ya ce, ba za ta zauna a mazaunin ubanta ba, ba za ta raɓi buzun kakanta ba. Sai ta ɗauki abar ta shiga ɗakin mahaifiyarta, ta tuɓe mata riga don ta samu ramukan da take soka wayoyinta, ta ɗora ta a kujera 'yar tsuguno, ta yi ta ba ta aiki tun safe har rana ta take. Ko tari ba ta yi ba. Ta dawo mini da ita, Hajiya ta mayar mata da riga ta ɗora a buzu, na buɗe littafi, ban yi nisa ba, ɗif. Mako ya zagayo muka maimaita. A hannun Ummi lafiya, a gabana mutuwa.

Sani ya koma Kano lokacin, labari ya kai masa, ya bugo waya yana huci.

"Baba, ni fa lafiya lau na kawo ta. Wa ya ce a taɓa cikinta? Abin kyauta ai dama haka yake. A mayar mata da nata na asali kawai."

Ummi tana ji, na ga yadda ta sunkuyar da kai. Shi kuma Alhaji Mati, wanda ke kula da al'amuran masallaci, abokina tun muna makarantar allo, ya zo da kansa cikin Sha'aban. Ya daɗe yana zagaye, ya tambayi ido, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, kafin ya sauka a kan abin da ya kawo shi.

"Malam, ba wanda ya isa ya ce ka tashi. Amma in abin zai yi maka nauyi, akwai wani matashi da ya dawo daga karatu, mai ladabi ne. Mu dai mu san inda muka dosa kafin a ga wata."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce ya ba ni zuwa Juma'ar ƙarshen wata. Da ya fita na zauna ina kallon baƙin allon nan, sai wani tunani ya shige ni wanda bai kamaci mai karatu ba. Me ya sa sai a gabana? Me ya sa sai na buɗe tafsiri? Da Hajiya ta kawo mini ruwa na kasa riƙe maganar a ciki.

"Hajiya, na fara zaton ba na'ura ce ke mutuwa ba. Ni ake sallama."

Ta ajiye kwanon da ƙarfi har ruwa ya fantsama.

"Kai da ke hana mutane camfi a kan mumbari? Ƙarfe ne fa, Malam. In ba shi da lafiya a nemo masa magani."

Ummi ce ta nemo. Ta durƙusa a bakin zaure ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce a cikin kowace irin wannan na'ura akwai wani ɗan abu da ke jin zafi, kamar abin awon zazzaɓin da majon asibiti ke sa wa yaro a hammata, akwai kuma 'yar fanka da ke fitar da zafin. In zafi ya wuce kima, na'urar kan kashe kanta don kada ta ƙone. Tana zargin haka ne, amma zai iya zama batiri, zai iya zama ma laifin abin da ta zuba kamar yadda yayanta ya ce. Ba za ta sani ba sai ta karanta abin awon, shi kuwa ya ƙi karantuwa. Ta buɗe wata baƙar taga a allon, irin wadda ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye, ta rubuta, abar ta amsa da layi ɗaya. Na ce me ta ce? Ta ce wai ba ta ga abin awo ko ɗaya ba. Ta sa ta ta bincika jikinta gaba ɗaya, tana tambaya Ummi tana cewa e, tana tambaya tana cewa e, daga ƙarshe aka dawo inda aka fara.

"To ba shi kenan," in ji ni.

"Akwai shi, Baba. Yana magana, tsarin ne ba ya jin yarensa. Tafinta ne babu."

Ta ce za ta rubuta tambaya a wata majalisa ta masu amfani da wannan tsari, a intanet. Na yi dariya duk da halin da nake ciki. Na ce wa ya san ki a can? 'Yar wa za ki ce musu? Ta ce ba a tambayar wannan. Ta tafi da na'urar Damagaram inda rezon intanet ya fi ƙarfi, ni kuma na zauna makon nan hannu rabbana, ina jin yara suna lissafin saura kwana nawa a ga wata. Da ta dawo ta ba ni labari. Na farkon da ya amsa cewa ya yi ta je ta karanta abin da aka riga aka rubuta, ta daina damun mutane. Irin waɗannan ko a sahun gaba na masallaci akwai su. Na biyun kuwa wani bawan Allah ne daga wata ƙasa mai ƙanƙara, ba suna sai laƙabi da hoton kyanwa. Ya tambaye ta cikakken sunan na'urar, ya sa ta kwafo masa wasu layuka, ya duba, ya dawo. Ya ce tafintan yana nan cikin tsarin tun farko, amma yana da jerin na'urorin da ya sani, tamu ba ta ciki, shi ya sa yake noƙewa. Ya ba ta kalma ɗaya da za ta ƙara, ta umarce shi ya yi aikin ko bai san mai gidan ba. Ya kuma gargaɗe ta, ya ce ta tsaya a kan karantawa kawai, kada ta ce za ta ba fanka umarni, don in ta kuskure za ta iya tsayar da ita. Mutumin da bai san mu ba, bai san ko za mu gode ba, ya zauna ya yi ta binta har lambobi suka fito.

Ta nuna mini su, ta ƙara musu girma. Ɗaya zafin cikin na'urar, ɗaya gudun fanka. Sannan ta leƙa tsakar gida, ta ga mahaifiyarta tana can wajen murhu, ta rage murya.

"Baba, a kan tebur a makaranta zafin ba ya wuce hamsin da 'yan kai. Iskarta ta ƙasa take shaƙa, ta fitar ta gefe."

Ta kalli buzun, ta kalli rigar da ke ninke a kai. Ni ma na kalla. Tabɗi.

"Tun yaushe kike zargin haka?"

"Tun mako na biyu."

"Kika yi shiru ina nan ina shirin sauka?"

"Da wane baki zan ce a sauke Alƙur'ani daga buzun Kaka? Da wane baki zan ce wa Inna ɗinkinta ne? In kuma na faɗa ya zamana ba haka ba ne fa? Shi ya sa na so ita abar ta faɗa da kanta."

A nan ne maganar da kuke cewa na kunyata mahaifiyarku ta samo asali, don haka ku saurara da kyau. Ummi ta kawo shawara mu ɓoye. In Hajiya ta shirya ta ta fita, sai in zare rigar in sauke ta, in na gama in mayar. Na juya abin a raina. Da zai yi sauƙi. Amma ku duba, matar da tun muna da ƙuruciya ban taɓa cin wani abu a waje na goge baki na shigo mata ba, yau in riƙa fakon fitarta kamar ɓarawon kaza? Kuma a masallaci fa, inda take zaune cikin mata tana hange? Wata rana za ta gani, ta gane cewa ni da 'yar da ta haifa mun mayar da ita yarinyar da ake lallaɓawa. Na san zafin gaskiya zai same ta, amma na ga wancan ya fi muni. Na ɗaga murya na ce, Hajiya, zo ki gani.

Ta zo tana goge hannu. Na ce ta sa wa na'ura riga ta ɗora a buzu kamar kullum. Ta yi. Ummi ta nuna mata lambar, ta ce wannan zazzaɓinta ne, in ta kai ɗari zafin tafasar ruwa kenan. Na buɗe tafsiri. Muka zuba ido mu uku. Sittin. Saba'in. Fanka tana ta gudu iya ƙarfinta, amma sautin a toshe yake fitowa, kamar mai numfashi cikin mayafi. Tamanin. Da ta haura casa'in sai Hajiya da kanta ta kai hannu ta ɗaga ta, ta cusa tafinta tsakanin rigar da ƙarfen, ta janye da sauri. Ta zare rigar, ta riƙe na'urar a sama da hannuwan nan nata masu ciwo. Muna kallo lambar ta tsaya, ta fara sauka.

"Ashe girki nake yi ban sani ba," in ji ta.

Ta so ta yi dariya, ba ta fito ba. Ta ajiye na'urar a cinyar Ummi, ta ɗauki rigar ta shiga ɗaki. Ta yi kuka, wannan gaskiya ne, na ji ta. Ba rigar take wa kuka ba. Daga baya ta gaya mini, tunawa ta yi da ranar da na ce ana sallamata, ta ga ashe hannunta ne ya kai ni ga wannan tunanin. Yinin nan ba ta yi mini magana ba, kuma ban taɓa jin gidan nan ya yi mini faɗi kamar ranar ba. Wannan shi ne abin da shawarata ta ci, ban kuma ce ƙaramin abu ba ne. Ita kuwa Ummi ta samo turnabis na kwance noti ta buɗe ƙasan na'urar, sai ga gashin buzu ya dunƙule a bakin fankar kamar an saƙa shi, ta yi ta tsamowa da tsinke.

Saura matsala ɗaya. Ummi ta ce a ɗora ta a kan bulo biyu, iska ta wuce. Na ce a zaure ma ba zan iya ba, balle a masallaci a gaban jama'a. Na san abin da malamai suka ce, hukuncin na'ura ba hukuncin Mus'hafi ba ne, ni ma na sha faɗa wa masu tambaya. Amma sani daban, abin da zuciya za ta ɗauka daban. Kashegari da hantsi na nemi Hajiya aka ce ta fita. Sai ga ta ta dawo daga wurin masassaƙin bakin kasuwa, ta kai masa awo da zare. Kwana kaɗan ya aiko da 'yar kujera ta itacen aduwa, irin wanda ake allo da shi, mai ƙafa huɗu, samanta sandunan katako ne jere da tazara, ba rufi. Ta shimfiɗa buzun, ta ɗora kujerar a gefensa, ta ɗora na'urar a kan kujerar.

"Ga ta sama da ƙasa, ga iska. Kai kuma koma buzun ubanka, dama naka ne. Rigar ta hanya ce, in an isa a tuɓe."

Sannan ta dube ni ta ce, "Da kun ɓoye mini, Malam, da ban yafe ba."

Ku riƙe wannan, ku da kuke cewa na kunyata ta.

Na aika wa Alhaji Mati cewa ina nan. Ranar ɗaya ga azumi bayan la'asar, rana tana dukan kwanon masallaci, mutane sun cika har waje, wasu don karatu, wasu don su ga malami da ordinatar. Aka tuɓe mata riga aka miƙa wajen mata. Mai jan baƙi ya ja, na duba, na fassara. Bakina yana karatu, rabin zuciyata tana kan 'yar lambar da Ummi ta maƙala mini a kusurwar allo. Ta hau kaɗan ta tsaya. Muka wuce inda ta saba mutuwa, muka ninka, tana nan. Daga nan na manta da ita. Na shiga ƙananan rubutun gefe, waɗanda na yi shekaru ina tsallakewa, na kawo wa mutane maganganun da mahaifina ke kawowa. Da aka shafa fatiha Alhaji Mati ya zo ya riƙe hannuna gam. Matan unguwa suka ce Hajiya tun daga farko har ƙarshe rigar tana ninke a cinyarta, hannunta a kai. Na sauke tafsirin shekarar, na ƙara wasu azumin bayansa, har ranar da harafi ko ya kai tafin hannu ba na ganinsa. Sannan na kira matashin nan na Alhaji Mati na zaunar da shi da hannuna. Na tashi ne lokacin da Allah ya ƙaddara, ba lokacin da gashin rago ya so ba.

Na sa Ummi ta koma majalisar nan ta yi godiya da sunana, ta kuma rubuta duk yadda aka yi dalla-dalla, don wanda zai zo bayanmu da irin na'urar, tunda wanda ya sha a rijiya bai kamata ya tafi da guga ba. Na ce ta sa har da buzun. Ta ce Baba za su yi dariya. Na ce su yi. Mutumin ya amsa, ya ce shi ma tasa ta taɓa yin haka, gashin kyanwarsa ne ya toshe ta. Tun daga nan nake kiransa Mai Kyanwa. Ban san sunansa ba, ban san addininsa ba, ban san ko yana raye ba. In kun ji ina addu'a bayan sallah na ce Allah ya saka wa Mai Kyanwa da alheri ya shirye shi, ba ruɗewar tsufa ba ce, ku ce amin. Sani kuma da ya dawo ya je har ɗaki ya ba ƙanwarsa haƙuri, ita ce ba ta gaya muku ba.

Abu ɗaya ya rage da ba ku sani ba, don a zaure yake faruwa. Mahaifiyarku ba ta taɓa yarda da lambar nan ita kaɗai ba. Kullum in zan fara karatu, sai ta zo ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin kujerar, ta ji iska tana wucewa, kamar yadda take taɓa goshinku kuna yara, sannan ta ce, "Lafiyarta lau, bisimilla." Haka ta yi ta yi har ciwon da ya ɗauke ta. Yanzu na'urar ce ke yi mini karatu da murya, ita ce kuma ke ɗaukar wannan maganar da nake yi muku, Ummi za ta mayar da ita rubutu. Lambar tana nan a kusurwa, an ce, ni ba na ganinta. Rigar tana ƙarƙashin matashina, kada wanda ya ba da ita in na tafi. Kafin in fara yi muku magana yau sai da na laluba na zura hannu ƙarƙashin kujerar. Iska tana wucewa. Na jira kaɗan ko wani zai ce bisimilla, sannan na faɗa da kaina.